Kwanon Baturiyar Inna

Ni dai a cikin ganuwar Zariya ba a taɓa kawo mini abu na ce ya fi ƙarfina ba. Dillalin babura ne ni, a bakin Ƙofar Doka nake zama, kuma in ka ji an ce wani ya sayar da babur marar inji har mai saye ya biyo shi gida da godiya, to kada ka wahalar da kanka da tambaya. Bakin nan nawa ya raba faɗa, ya gyara aure biyu, ya taɓa sa mai gidan haya ya ba ɗan haya haƙuri. Amma kwano guda ɗaya na tangaran, mai murfi da zanen shuɗin fure, shi ya zaunar da ni ƙasa warwas.

Ga yadda aka yi. Autarmu ma'aikaciyar jinya ce, ita da mijinta suna zaune a Ingila, a wani ɗan gari da in ka ce za ka faɗi sunansa sai ka ciji harshe. Da ta yi haihuwar fari aka ce Inna, mahaifiyarmu, ta je ta yi mata wankan jego. Inna kuwa in ka cire Makka, ƙarshen duniyarta unguwar Gyallesu ce, nan Zariya, gidan ƙanwarta. Ni ne ɗan fari, saboda haka ba ta kama sunana. "Kai wannan" take ce mini tun ina rarrafe, ga shi yanzu har furfura ta fara leƙowa.

Ta ce arba'in za ta yi ta dawo. Wata biyar ta yi.

Ranar da na ɗauko ta na riga na tanadi jaje. Na san za ta ce sanyi ya kusa kashe ta, ta ce mutanen ba sa gaisuwa, ta ce ta yi mafarkin tuwon dawa. Ko jaka ba a gama shigarwa ɗaki ba ta zauna a tabarma ta dube ni ta ce, "Kai wannan, ƙasar mutanen nan kullum kamar an gama wanke ta an shanya."

Na ce, "To fa."

"Ruwan samansu ma da ladabi yake sauka. Ba tsawa, ba kwashe rufin mutane. Sai dai ka ga ka jiƙe, ba ka san wanda ya jiƙa ka ba."

Daga ranar gidanmu ya koma gidan rediyon Ingila. Matata in tana tsince shinkafa tana jin labarin layi. Wai mutum biyu kacal in sun haɗu a bakin kanti sai ɗaya ya koma bayan ɗaya. Wai in ka taka Bature shi zai rigaye ka ba da haƙuri, ka rasa inda za ka sa kanka. Maƙwabta suka yi ta zuwa sannu da hanya, kowa ya tafi da rabonsa. Wata ta samu labarin furen da ake shukawa a bakin taga ba don ci ba, ba don magani ba, don kallo kawai. Wani ya samu labarin rana da ke ƙin faɗuwa, har mutum ya gaji da jiran magariba ya fara zargin agogo.

Sai tumaki. Wayyo tumakin nan! Ta ce in ka fita bayan gari, iya ganinka kore shar, an yanka gonaki da katangar dutse gajeriya wadda ko akuyar da ke da ciki za ta tsallake, ga tumaki birjik, kowace ta kai ɗan maraƙi, ba makiyayi, ba igiya, ba mai kallonsu.

Na ce, "Inna, a taimaka mini da kwatancen wurin kafin Babbar Sallah."

Ta ce, "Irinku ne ai kuke ɓata wa na kirki suna."

Abinci kuwa shi ya fi ba ni mamaki, domin Inna mace ce da in ta yi miya sai maƙwabta sun yi atishawa. Amma ga ta tana yabon soyayyen kifi da dankali da ake naɗewa a takarda, ba yaji, ba ko albasa. Ta ce ranar farko ta ɗauka abincin majinyata ne. "Ashe in ba yaji, sai ka ji kifin da kansa yana magana." Ta kuma kafa mana dokar shayi bayan la'asar, a ɗan ƙaramin kofi, da madara 'yar kaɗan, sukari rabin cokali. Ni da na saba shayin mai shayi wanda cokali ke tsayawa a ciki da ƙafarsa, sai in shanye wannan ruwan ɗumin in ce madalla.

Duk wannan da sauƙi. Matsalar tana cikin jakarta ta hannu, a naɗe da ɗankwali biyu.

Ranar suna, can Ingila, Inna ta tashi ta soya waina kamar za a ciyar da unguwa, ta ce a kai wa maƙwabta. Mijin Auta ya durƙusa ya ce, "Inna, nan fa ba a haka." Ta ce, "To yau za a fara." Ta yafa mayafi, ta ɗauki langar waina ta fita da kanta. Ƙofar farko ba a buɗe ba. Ta biyu aka yi mata murmushi da godiya mai yawa, amma ba a miƙo hannu ba. Ta uku, wadda katanga ɗaya ce ta raba su da gidan Auta, wata tsohuwa ce mai farin gashi ta buɗe. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse, daga ita sai kyanwa. Ta leƙa langar, ta shinshina, ta karɓa da hannu biyu.

Washegari sai ga ta da langar, a wanke, kuma a ciki akwai wani gashi mai zaƙi da ake yi da tuffa, da ɗuminsa.

Inna ta ce mini, "A nan na gane 'yar gidan mutunci ce. Wa ya gaya mata ba a mayar da kwano wayam?"

Wanda ya tashi a gida irin namu ya san wannan. Kwanon da ya shigo da abinci ba ya fita haka nan. Ko kuka ce, ko daddawa, ko gutsuren sabulu, sai an ɗan sa wani abu. In mace ta ga kwanonta ya dawo wayam, ba sai an yi mata bayani ba, an gaji da ita ne.

Shi ke nan aka buɗe hanya. Inna ta aika ƙosai, aka dawo da wani biredi mai taushi da ake shafa wa man shanu. Ta aika dambun shinkafa, aka dawo da miyar dankali. Har ta kai tsohuwar na zuwa ta ɗauki Inna a 'yar motarta su fita bayan gari, su zauna a benci suna kallon tumakin nan, filas ɗin shayi a tsakaninsu. Inna ba ta jin Turanci, ita ba ta jin Hausa. Na ce to hirar me kuke yi? Ta ce, "Ni in faɗi nawa, ita ta faɗi nata. Na ba ta labarin babanku kaf, har abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ita ma ta yi nata har da hawaye. Ka ga ai babu mai kai tsegumin wani."

Ranar dawowa, mota na jira a ƙofa, an riga an loda kaya, sai ga tsohuwar da sauri da nata kwanon, wannan na tangaran, cike da gashin tuffa, wai guzuri. Aka rungume juna, aka tura Inna mota. Sai da jirgi ya ɗaga ta duba cinyarta ta ga abin da ta yi. Ta taho da kwanon mutane.

Na ce, "Inna, kyauta ce ta ba ki."

"Da bakinta ta gaya maka?"

Muka kira Auta. Ita ma ta ce, "Inna, wallahi ba ta damu ba, ta ce ki riƙe."

Inna ta ce, "Ke kuma me kike so ta ce? Ta ce a ƙwato mata? Mai mutunci ce. Kwano na wurina, bashi ne a kaina. In ban mayar ba, da abu a ciki, ni ce na yanke zumunci."

Ba ta yarda a ci abinci a cikinsa ba. Ba ta yarda a jera shi da nata kwanukan ba, wai baƙo ne, tafiya zai yi. A kan akwatinta yake zaune, kusa da ƙofa, kamar mai jiran mota.

Na buga ƙirji na ce ta bar mini, kafin damina za ta koma ta miƙa shi hannu da hannu. Na tafi unguwar Kongo wurin wani mai shagon kwamfuta da ke cike wa mutane takardun tafiya, muka cike fom ɗin biza mai tsawon hanyar Kaduna. Na kai ta aka ɗauki hoton yatsu. Na shiga ina gaya wa mutane ai an gama, har na fara karɓar saƙon masu son a taho musu da rigar sanyi.

Amsa ta zo, an hana. Mai kwamfuta ya karanta mini dalili. Wai wancan karon ta ce kwana arba'in za ta yi ta yi wata biyar, don haka ba su gamsu za ta dawo ba. Na ce a ba ni lambar wanda ya rubuta, minti biyar ya ishe ni. Ya yi dariya ya ce babu lamba. Na ce to ina ofishinsa, in je in gaishe shi, in tambayi iyali. Ya ce, "Alhaji, babu wanda za ka gani. Takarda ce kawai." Ban taɓa jin irin wannan ba. A ce abu ba shi da ƙofar baya, ba shi da ƙanin matar wani, ba shi da wanda kuka yi makarantar allo tare! Duk kayan aikina ba su da inda za su kama.

Da na gaya wa Inna ba ta ce komai ba sai, "Gaskiyarsu. Na ce arba'in ban cika ba. Ka ga mutanen da ke riƙe magana." Ka ji fa, su suka hana ta, su take yabo.

Ana nan sai Allah ya kawo wata Malama daga Wusasa, tsohuwar malamar firamare da ta koyar da Auta, kuma tun tuni suke mutunci da Inna. Duk Kirsimeti sai ta aiko mana da cincin, duk Sallah sai mun aika mata da nama. Ɗanta na Ingila, za ta je ganin jikoki bayan Babbar Sallah, kuma garinsu ba nisa da na Auta. Inna ta ce tunda ƙafa ta ƙi, hannu ya je.

Cinyar ragon layya guda ta ware. Kwana uku tana aikin dambun nama, ta dafa, ta daka, ta soya, ta hana kowa taɓa taɓarya. Matata ta ce ta kawo ta karɓa mata, ta ce a'a, so take ya zama hannunta ne tun daga farko har ƙarshe. Yajin ma ta rage shi har ya zama sai ka yi rantsuwa kafin a yarda akwai. Ina kallonta tana daka tana hutawa, tana riƙe ƙugu. Ta cika kwano dam, ta rufe, ta naɗe da sabon ɗankwali.

Ni na kai Wusasa a babur, ina tafiya kamar na ɗauko ƙwai. Malama ta ɗaga murfi ta ce, "Ɗana, nama ne? Ai ba sa bari a shiga musu da nama. Koma ka ce wa Hajiya ta sa ƙuli-ƙuli ko alkaki."

To a nan ne na yi abin da na yi. Na tuna kwana ukun nan da riƙe ƙugun nan, na ji ba zan iya komawa cikin gari in ce mata a juye ba. Sai bakina ya karɓi aiki. Na ce, "Haba Malama, ai an daɗe da soke wannan dokar. Ɗanyen nama suke nufi. Wannan kuwa ya soyu har ya manta shi nama ne. Ki tura shi cikin zannuwa, ko aljani ba zai gani ba."

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Zan ɗauka. Amma ka sani, in aka tambaye ni, ba zan yi ƙarya ba."

Na ce ai ba za a tambaya ba.

An tambaya. Bayan 'yan kwanaki Auta ta kira ni da rana tsaka ina cikin ciniki. Ta ce, "Yaya, ka zauna?" A filin jirgi aka ce wa Malama ko tana ɗauke da nama, ta ce e. Suka ba ta haƙuri, wai har sau uku, suka juye dambun Inna tas a kwandon shara suka miƙo mata kwano. Ita kuma da ta isa gidan ɗanta ta wanke shi fes. Washegari ɗan ya kawo ta gidan Auta, suka tarar duk sun tafi aiki, sai ta ce ai ga gidan mai kwanon nan, me za a jira? Ta ƙwanƙwasa ta miƙa.

Na ce, "Wayam?"

Ta ce, "Wayam, Yaya. Amma ta yi murna sosai fa."

Da na koma gida Inna na zaune da kofin shayinta. Ta ce, "Kai wannan, ya isa?"

Na ce ya isa.

"Ta ci?"

Da na yi shiru a nan da an wuce wurin. Amma wanda ya saba gudu ba ya iya tafiya a hankali. Na ce ta ci har ta lashe murfi. Na ce ta kira maƙwabtan nan biyu da suka ƙi waina, sun zo suna roƙo ta hana su. Na ce kyanwar ma tun da ta ɗanɗana ta daina cin abincin gwangwani. Inna ta yi dariya har ta share hawaye da bakin zane, rabon da in ga haka tun kafin a hana bizar.

Sannan ta ce, "To madalla. Yanzu bashi ya koma kanta. In Malama za ta dawo za mu ga abin da za ta aiko."

Na tashi tsam na fice.

Wata guda na yi ina neman mafita. Na zaga Sabon Gari kanti-kanti ina neman kwano mai shuɗin fure, na ce ko in sa a gasa mini wani abu da tuffa in ce daga can ne. Na samu wani mai kama da shi, na juya gindinsa na ga rubutun da ko ni ban yarda da shi ba, balle Inna da ta san kwanon kamar tafin hannunta. Na roƙi Auta ta je ta karɓo wani abu wurin tsohuwar ta ba Malama. Ta ce, "In ce mata me? Ba ni abinci in aika Najeriya?" Na kira Malama kanta na fara zagaye-zagaye, ta katse ni ta ce, "Ɗana, ni da kai mun yi magana a Wusasa."

Ranar da Malama ta dawo ta zo gaishe da Inna, da hantsi ne. Inna ta sa an share tsakar gida sau biyu, ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Aka gaisa, aka tambayi jikoki, aka tambayi sanyi. Idon Inna na kan jakar Malama. Ni ina tsaye a bakin zaure, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje.

Malama ta ce, "Hajiya, na zo ne in ba ki haƙuri da bakina. Dambun nan bai shiga ba." Ta faɗi komai yadda ya faru. Abu ɗaya ta rage, ba ta ce ta gargaɗe ni ba. Wannan ragin ya fi mini zafi da a ce ta faɗa.

Inna ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Ba komai, Malama, kin yi abin da ya dace. Dokarsu ce." Ta raka ta har zaure, ta wuce ni kamar ginshiƙi.

Na jira faɗa. Wallahi na so ta yi faɗa, ta ɗauko muciya ma. Da ta dawo sai ta zauna ta ce, "Wata guda ke nan tana ganin na gaji da ita."

Na ce, "Inna, su fa ba su san wannan al'adar ba."

"Ba ta sani ba ta yi wata biyar tana yi?"



Ta ce in kira mata Auta ta waya mai hoto, Auta ta shiga da ita gidan tsohuwar. Aka yi sa'a Auta na gida. Muna kallo ta fita, ga ɗan yayyafin nan nasu, ta ƙwanƙwasa. Tsohuwar ta buɗe, da ta ga fuskar Inna a waya ta dafe ƙirji ta yi wata 'yar ƙara. Inna ta gyara mayafi ta riƙe wayar da hannu biyu ta fara. Ta ce ba haka ta aiko shi ba. Ta faɗi cinyar rago, ta faɗi kwana uku, ta faɗi yajin da ta rage. Ta ce ita ba 'yar gidan da ake mayar da kwano wayam ba ce, a tambayi duk unguwa. Auta ta fara fassarawa, Inna ta ce, "Ke yi shiru, tana ji."

Tsohuwar na ta gyaɗa kai tana murmushi, tana faɗin nata. Can sai ta ɗaga yatsa alamar a jira, ta karɓi wayar daga hannun Auta ta shiga da mu ciki. Muka wuce kyanwa a kan kujera. Ta tsaya gaban wani kabad mai gilashi, ta ɗaga wayar sama, tana nunawa da alfahari. Ga kwanon can a hawa na ƙarshe, an jingina murfinsa a baya don furen ya fito, hoton mijinta a gefe.

Auta ta ce, "Inna, kin gani? Cewa take ya je Afirka ya dawo, yanzu ya fi ƙarfin a ci abinci a ciki."

Inna ta daɗe tana kallo. Ta ɗaga hannu ta yi wa matar sallama, ta yi murmushin da ake yi wa baƙo. Da hoton ya ɗauke ta ci gaba da riƙe wayar.

Na ce, "Ai kin ga girmama shi ta yi."

Ta ce, "An jera shi. Kwanon da aka jera ba ya sake fita."

Na ce zan sake cike fom. Na ce zan nemo wani mai tafiya, a sa alkaki, a sa a sabuwar langa, a fara daga farko. Na ce abubuwa da yawa, ni kaina ban san iyakarsu ba. Ta bar ni na gama.

Ta miƙo mini wayar ta ce, "Karɓi abinka, kai wannan. Je ka kasuwa, rana ta yi."